Na canza gilashin na'urar karatu, rubutu ya koma toka-toka: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Marwa. Ina da na'urar karanta littattafai mai inci 6, irin mai tawadar lantarki. Gilashinta ya fashe a cikin jaka a kan babur, na yi odar wani daga ƙasar Sin, wani mai gyaran waya ya sa mini. Tana aiki, amma rubutun ya koma toka-toka, farin shafin ya yi dauɗa, kuma inuwar shafin da na wuce tana zama a ƙarƙashin sabon. Mai gyaran ya ce gilashin jabu ne, in sayo wani. Kafin in sake kashe kuɗi, akwai abin yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sayi wani tukuna. Gilashin da ya mutu ba haka yake yi ba. Wanda ya tsage yakan bar wani yanki a daskare, ka juya shafi goma yankin nan bai motsa ba, ko ka ga layuka sun ratsa shi daga sama har ƙasa. Naka kuwa yana juya shafi, yana nuna kowane harafi a inda ya kamata, baƙin ne kawai bai kai ba. Wannan alama ce ta gilashi mai rai wanda na'urar take tuƙawa da lissafin tsohon gilashin da aka cire.

Mai gyaran naka ba ƙarya ya yi maka da gangan ba, hannunsa ne ya saba da waya. A waya, in sikirin ya dace da samfurin, ka liƙa shi, magana ta ƙare. Wannan gilashin ba haka yake ba, kuma sai ka san yadda yake aiki kafin sauran bayanin ya shiga.

A cikinsa akwai miliyoyin 'yan ƙananan ƙwayoyi, kowace faɗinta bai wuce kaurin gashin kai ba. Cikin kowace ƙwaya akwai ruwa, cikin ruwan akwai garin fari da garin baƙi, ɗaya yana ɗauke da cajin lantarki kishiyar na ɗayan. In aka ba wurin wuta ta wannan fuska, fari ya taso sama, baƙi ya nutse. In aka juya ta, baƙi ya taso. Da an ɗauke wutar, kowa ya tsaya inda aka bar shi, shi ya sa batirin yake kai makonni. Kusan duk na'urorin da ke hannun mutane, Kindle ne ko Kobo ko PocketBook, gilashin kamfani ɗaya suke amfani da shi, wato E Ink, wanda ya fito daga jami'ar MIT ta Amurka a 1997, wani kamfanin Taiwan ya saye shi a 2009. To, turin garin nan sama da ƙasa ya dogara da abu biyu, kuma dukansu kowane gilashi da nasa.

Na farko shi ne abin da ake kira VCOM. Wuta ce 'yar kaɗan, ƙasa da sifili, da ake ba shimfiɗar saman gilashin baki ɗaya, ita ce ma'aunin da ake gwada wutar kowane ɗigo da shi. A masana'anta ake auna ta ga kowane gilashi shi kaɗai, a rubuta a jikinsa. Gilashi biyu masu lamba ɗaya, daga kwali ɗaya, sai ka samu wannan -1.78 ne, wancan -2.20. In na'urar tana ba sabon gilashi adadin tsohon, abin ya zama kamar sikelin mahauci da allurarsa ba ta zauna a sifili ba: duk abin da ka aza masa, kuskuren nan ɗaya zai shiga ciki. Baƙi ba zai kai baƙi ba, ko fari ya ƙi wankuwa, kuma a duk faɗin shafin daidai wa daida. Wani lokaci ma shafi zai fito da kyau a daƙiƙar farko, kana kallo ya riƙa dusashewa.

Na biyu shi ne jadawalin tuƙi, wanda masu sana'ar suke kira wefom. Fayil ne da yake gaya wa na'urar sau nawa za ta tura, sau nawa za ta ja, kuma tsawon wane lokaci, kafin ɗigo ya tashi daga wannan launi zuwa wancan cikin matakan toka 16 da gilashin yake iya nunawa. Shi ma ana yin sa ne bisa rukunin gilashin da aka ƙera tare, kuma a cikinsa akwai jadawali daban ga kowane matakin zafi. Alamarsa ta bambanta da ta VCOM: rubutu yakan fito ba laifi, amma hoto ya yi dabbare-dabbare, fuskar mutum a bangon littafi ta koma faci-faci, inuwar shafin baya ta ƙi tafiya. Kai ka ambaci toka-toka da inuwa tare, don haka mai yiwuwa duka biyun ne suka haɗu maka.

Amma kafin a kwance na'ura, a fara da abin da ba ya cin ko dala. Duba ko an ɓare ledar da sabon gilashi yake zuwa da ita. Abin dariya ne, amma an sha kawo mini na'ura da kukan "ba ta da haske" alhali ledar masana'anta tana nan a liƙe, gefenta ya shige ƙarƙashin murfi ba a ganinsa. Sannan ka cika batirin taf, domin lokacin juya shafi na'urar tana ɗaga wutar batirin da ba ta kai bolt 4 da rabi ba zuwa bolt 15 a saman sifili da kuma 15 a ƙasan sifili, da wasu layukan da suka kai 22, kuma tsohon batir yakan durƙusa a daidai wannan gaɓar. Bayan haka ka kashe ta kashewa ta gaske, ba barci ba. A Kindle, riƙe maɓallin wuta na daƙiƙa 40 yana tilasta mata ta tashi daga farko. Wannan ba wasa ba ne, zan faɗi dalilinsa a gaba. In tana da fitilar gaba, rage ta ko ka kashe ta ka duba a hasken rana na inuwa, saboda fitila in ta yi yawa tana wanke baƙi. Daga ƙarshe ka shiga saitin karatu ka kunna sabunta shafi a kowane juyi, wato wannan ƙiftawar baƙin da take yi. Idan inuwa ta ɓace da wannan kaɗai, rabin damuwarka ta tafi.

Kuma da me kake gwadawa? Na san irin abin da malamai da ɗaliban jami'a a Marwa da Ngaundere suke zubawa a na'urorin nan: takardun darasi da aka yi hoton hotonsu, da littattafan Larabci da aka ɗauka da kyamarar waya. Irin wannan fayil tun asali rubutunsa toka ne, wasulan Larabcin kuwa sirara ne, ba gilashin da zai mai da su baƙi wuluk. Ka yi hukunci da rubutun menu na na'urar kanta, ko da littafin da aka tsara da haruffa na gaske. In menu ya fito baƙi sosai, fayil ɗin ne kawai yake toka, to gilashinka lafiya lau yake. Maganin wannan yana wurin manhaja: KOReader, wadda ake iya sa wa Kobo da PocketBook cikin sauƙi, tana da wurin ƙara wa PDF duhu.

In duk wannan bai yi ba, sai a buɗe. A nan ka koma wurin mai gyaran, ka roƙe shi ya nemo maka tsohon gilashin da ya cire, Allah ya sa bai jefar ba. Fasasshen gilashin nan shi ne shaidarka. A jikin lallausar igiyar da ta fito daga gilashin zuwa bod (wato allon kayan wutar da ke cikin na'urar), wadda masu gyara suke kira fileks, ko a bayan gilashin, akwai 'yar farar takarda mai lambobi. Abu biyu za ku karanta a tsohon da sabon, ku aje su gefe da gefe.

Na ɗaya lambar samfuri, mai farawa da ED060 ga masu inci 6. Haruffan da suka biyo baya su ne magana. ED060SC4 tsohon yayi ne, na zamanin Kindle 2 da Sony PRS-505. ED060SC7 na Kindle mai madannai ne, na 2010. ED060SCF na Kindle 4 ne. ED060XC3 na Kindle Paperwhite na farko ne, na 2012, ED060XD4 na na biyu, ED060KD1 na na uku. Masu sayarwa a intanet suna son rubuta "ya dace da" su jero samfura biyar. Dacewar baki da soket daban, dacewar tuƙi daban. Akwai kuma bambancin zamani: Vizplex na farko, bambancin farinsa da baƙinsa wajen 7 ne bisa 1, Pearl da ya zo a 2010 ya kai 10 bisa 1, Carta na 2013 ya kai 15 bisa 1. In gilashinka na asali Carta ne aka aiko maka da na zamanin baya, ba saitin da zai mai da shi yadda ka saba. Nan kam mai gyaranka ya yi gaskiya rabi, kuma abin yi shi ne ka ɗauki hoton lambobin biyu ka nemi mai sayarwa ya mayar maka da kuɗinka. Araha ba ta ado, amma a wannan kasuwa tsada ma ba ta tabbatar da komai, lambar ce kawai shaida.

Na biyu adadin VCOM, za ka gan shi da alamar ragi a gabansa, galibi tsakanin -1 da -3. In na tsohon da na sabon sun yi kusa ƙwarai, bambancin bai wuce 0.05 ba, ba nan matsalar take ba. In ya kai 0.2 ko 0.3, ido zai gani. Yadda ake gyara shi kuwa ya danganta da na'urar, kai kuma ba ka faɗi sunan taka ba, don haka bari in bi su.

Tsofaffin na'urori suna da wani ɗan mitsitsin abin murɗawa a kan bod, kusa da soket ɗin gilashi, girmansa bai kai ƙwayar shinkafa ba, da tsaga a kansa. Wannan shi ne mafi sauƙi, kuma shi ne aka fi lalatawa. Ga yadda nake yi. Na fara ɗiga alama da alƙalami a inda yake, don in abu ya rikice in san hanyar komawa. Sai in sa mitar auna wuta a ma'aunin bolt na DC, baƙar igiya a jikin ƙarfen soket ɗin caji, ja a ɗigon gwajin da aka rubuta VCOM a gefensa. Mita za ta nuna sifili, kada wannan ya ruɗe ka, domin wutar ba ta zuwa sai lokacin juya shafi, ta yi kamar daƙiƙa ɗaya ta ɗauke. Saboda haka aikin na mutum biyu ne: ɗaya ya riƙe igiya, idonsa a kan mita, ɗaya ya riƙa juya shafi. In mitar tana da maɓallin riƙe adadi mafi ƙanƙanta, ya fi. Ka ga adadin, ka ɗaga hannu, ka murɗa kaɗan ƙwarai, da sukudireba na roba ba na ƙarfe ba, ka sake aunawa, har ya zo daidai da abin da ke rubuce a sabon gilashin. Hannu ya tsaya cik. Wutar ba za ta ja mutum ba, amma layin 22 da na 20 ƙasa da sifili suna maƙwabtaka da wurin, in bakin igiyar mita ya zame ya haɗa biyu, aisin wuta, wato ɗan guntun da yake raba wutar a kan bod, ya tafi, kuma samunsa a Garwa ko Marwa ya fi samun gilashin wuya.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne murɗawa da ido, a ce "murɗa har ya yi baƙi". Za ka iya samun baƙi mai daɗin kallo a adadin da ba daidai ba, amma kowane juyin shafi yana barin ɗan ragowar caji a fuska ɗaya, a hankali gilashin ya gaji, inuwa ta zauna masa dindindin. Adadin da ke jikin takardar shi ake bi, ko da ido ya so wani.

Na'urorin da suka biyo baya ba su da abin murɗawa. Aisin wuta ne, irin TPS65185 na Texas Instruments ko MAX17135 na Maxim, yake karɓar adadin daga manhaja. A nan gidajen suka rabu. A Kindle da yawa, akwai wani ɗan aisi mai ƙafa takwas a kan fileks ɗin gilashin kansa, a cikinsa aka aje jadawalin gilashin da bayanansa, na'urar tana karantawa lokacin da take tashi. Dalilin da ya sa na ce a kashe ta kashewa ta gaske ke nan: in an sa gilashi tana cikin barci, ba ta san an yi baƙo ba. Ku duba ko sabon gilashin yana da wannan aisin. Wasu masu arha suna zuwa wurin a fili, ƙafafun kawai ba kowa a kai. In haka ne, mai hannu a aikin iska mai zafi zai iya ɗauko na tsohon gilashin ya dasa. Ba cikakken magani ba ne, tunda bayanan tsohon ne a ciki, amma in samfurin ɗaya ne kuma adadin VCOM ɗinsu ya yi kusa, yakan fi babu nesa ba kusa ba. Fileks ba ya jure zafi, don haka ba aikin ɗan koyo ba ne.

A Kobo da yawa kuwa, duk tsarin na'urar yana kan katin memori da ke cikin cikinta, jadawalin da saitin kayan aiki suna wani sashe na katin da kwamfuta ba ta nunawa a matsayin fayil. Ana iya canza adadin a can, amma wanda zai taɓa wurin ya fara kwafe duk abin da ke katin baki ɗaya, har da ɓoyayyen sashen, ba fayilolin da ke ciki kaɗai ba, ya adana. Kuskuren harafi ɗaya a wannan sashe yana hana na'urar tashi. In ba ka da wanda ya saba da manhajar kwamfuta ta Linux a kusa, ka bar shi, toka-toka ta fi gawa. Game da jadawalin kuma, ka tambayi wanda ya sayar maka da gilashin ko yana da fayil ɗinsa. Masu sana'ar da gaske sukan aiko, masu tallan komai da ruwanka ba za su ma gane tambayar ba, kuma daga amsarsa za ka san wurin wa ka saya.

Tunda an buɗe, a sake zaunar da fileks ɗin. A cire batir tukuna, wannan ba a sassauta masa. A ɗaga makullin soket, a goge bakin igiyar da sifirit, a hure ƙura, a mayar a miƙe har ƙarshe. In aka yi aikin lokacin hunturu a shago mai buɗaɗɗiyar ƙofa, ƙura tana shiga ko'ina. A masu fitila, in an raba shimfiɗar fitilar da tsohon gilashi aka mayar a kan sabo, ƙura ko iskar da ta maƙale tsakani tana sa shafi ya yi hazo da zarar an kunna fitila. Gwajinsa mai sauƙi ne: fitila a kashe ya yi kyau, a kunne ya yi hazo, to shimfiɗar ce. Kuma kada kowa ya danna gilashin da yatsa wai don ya zauna, siririn gilashi ne ƙwarai a ƙarƙashi, yana tsagewa ba tare da an ji ƙara ba.

Saura zafi, wanda bayanan da ake rubutawa a ƙasashen sanyi ba su cika damuwa da shi ba, mu kuwa a cikinsa muke. An ƙera gilashin nan ya yi aiki tsakanin digiri 0 da 50. Garin da ke cikinsa yana saurin motsi in da ɗumi, yana nauyi in da sanyi, don haka na'urar tana da ɗan ma'aunin zafi a kan bod, da shi take zaɓen jadawalin da za ta bi. A watan Maris da Afrilu, lokacin da Garwa da Marwa da Kuseri da Injamena suke haura 40 a inuwa, na'urar da aka bari a gaban mota ko a aljihun babur tana wuce 50 cikin ɗan lokaci, sai ka ga shafi ya fito a koɗe. Wannan ba lalacewa ba ce, ka bar ta ta huce a ɗaki, ka sake dubawa. Akasin haka yana faruwa da asubahin Disamba da Janairu: an kwana ana caji, bod ya ɗumama, gilashi kuwa ya sha sanyi, ma'auni ya ce akwai zafi, na'urar ta zaɓi gajeren turi, rubutu ya fito fari-fari. In kuma mai gyara ya yi aiki da iska mai zafi kusa da ma'aunin ya ƙone shi ko ya ture shi, na'urar za ta riƙa zaɓen jadawalin da ba nasa ba kullum. Sannan wasu tsofaffin gilasai, musamman na zamanin Vizplex, suna koɗewa in aka juya shafi rana tana dukansu kai tsaye, domin hasken yana ratsawa ya taɓa transistocin da ke ƙasa, wato ƙananan makunnan wutar kowane ɗigo. Ka gwada: juya shafi a rana, ka shiga inuwa ka sake juyawa. In a inuwa ya dawo daidai, halin gilashin ne, sai dai ka riƙa ba rana baya. Duk wani gwaji da za ku yi, ku yi shi a ɗaki, da safe ko bayan la'asar, na'urar ba a kan caji ba.

Ka kuma sani cewa gilasan tsofaffin samfura da yawa an daina ƙera su. Abin da ake sayarwa a matsayin sabo, wani daga jikin matacciyar na'ura aka ciro shi, wani ya shekara da shekaru a sito. Irin wannan ko an daidaita komai, farinsa yakan yi ɗan rawaya, baƙinsa bai kai na da ba. Shi kansa sabon fil ba fari ne kamar takarda ba, bai mayar da ko rabin hasken da ya faɗa masa, don haka kada ka gwada shi da sikirin waya. In akwai abokin aiki mai irin na'urarka, ku aje su gefe da gefe a shafi iri ɗaya.

Da ni ne, ga inda zan tsaya. In lambar samfurin ta yi daidai da ta tsohon, VCOM ne ya bambanta, kuma akwai abin murɗawa ko aisin yana nan a kan fileks, aikin rabin awa ne, kuɗin hannu kawai za ka biya. In lambar ta saɓa, ka nemi kuɗinka, ka sake oda da lambar tsohon gilashin harafi da harafi, ka ce a turo maka hoton takardar da ke jikin fileks kafin a sa a kwali. In kuwa gyaran sai an shiga cikin manhaja kuma babu mai yi a kusa, ka ƙara kaurin haruffa a saitin rubutu, ka bar sabunta shafi a kunne, ka ci gaba da karatunka. Turo mini sunan na'urar da hoton takardun nan biyu, lambobin su fito sosai, zan gaya maka wanne ne naka a cikin ukun.